Amanar Sauda

"Nana, don Allah ki faɗa mini! Me kike zuwa yi gidan Sauda?"

Abdullatif ne tsaye a zauren su Nana Hadiza a Dutsin-Ma, ko zama ya ƙi yi. Saura wata ɗaya a ɗaura musu aure. Sauda ƙanwarshi ce, tana aure a Wurma.

"Aiki ne, Yaya Abdul..."

"Aiki! Hajiya ta ce ku 'yan ofishin jin daɗin jama'a, duk gidan da kuka shiga sai aure ya mutu. Sau shida aka gan ki can. Ta rantse in ba ki yi bayani ba, ba da ita za a yi bikin nan ba!"

Nana ta dube shi. Kalma uku za su kashe wutar, kuma suna nan a bakin harshenta.

"Shekara huɗu na yi ina karatun aikin nan, masoyina. Abin da aka fara koya mana, maganar da mutum ya ba ka tashi ce, ba taka ba."

"Har ni?"

"Har kai..."

Ya saka takalmi ya fita. Ta yi kuka, ta wanke ido, washegari ta hau mashin zuwa Wurma, don ranar ziyarar Sauda ce.

Kwana huɗu bayan nan Hajiya Larai, mahaifiyar Abdullatif, ta aika a kira Nana gidanta a Kurfi. Nana ta durƙusa nesa da tabarma. Abdullatif na bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Yarinya, ɗiyata ce, ni na haife ta. Me kike kitsawa a gidanta?"

"Hajiya, ki gafarce ni. Ba ni da izini."

"Ji min! Izini? To tashi ki..."

Sallama ta katse ta. Sauda ce, da mijinta Labaran masunci a bayanta, yana riƙe da jakarta.

"Inna, ni na hana ta," in ji Sauda. "Tun da jaririna ya koma na daina ci, na daina magana. In an shimfiɗa ni nan zan wuni. Maƙwabta suka ce iska ce. Nana ta zo ta zauna da ni, sati uku ban ce mata uffan ba, ba ta gaji ba. Ita ta kai ni asibiti. Na ce kar ki ji, saboda hawan jininki."

Labaran ya sosa ƙeya. "Wallahi Hajiya, da na yi niyyar maido ta gida. Malama Nana ce ta ce in rage kwana wajen kamun kifi a dam ɗin Zobe, in zauna kusa da matata ko ba mu ce komai ba."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗiyarta, tana shafa kumatun da suka fara cikowa. Sannan ta juya.

"Ke, bikinki na shirin rushewa, amma kika yi shiru?"

"Amana ce, Hajiya."

"Ashe aikin da kakata ke yi a unguwa ne kuka kai makaranta." Ta share hawaye da gefen mayafi, ta matsa a kan tabarmar. "Taso nan kusa da ni. Kai kuma Abdullatif, tsayuwar me kake? Ba ta haƙuri!"

"Nana... ki yafe mini."

Ta yi murmushi. "Zan duba, amma ba zan faɗa wa kowa ba."