Farin Ɗigo a Kan Noti

"Kin ƙone injin mutane! Marainiyar banza, ko noti ba ki iya ɗaurewa ba!" Da faɗin haka Baffa ya kwaɗa wa Auta mari a tsakiyar gareji, gaban masu motoci. Ta zube cikin baƙin mai tana kuka mai tsuma zuciya. Wayyo maraici! Garejin nan fa na mahaifinta ne, ƙasa ba ta gama bushewa a kabarinsa ba Baffa, ƙaninsa, ya mamaye komai.

Shekara guda baiwar Allah tana zagaya kwalejojin koyon gyaran mota. Wata allo da alli ne kawai, ko injin ɗaya babu, wata kuma takardarta ba mai karɓa. Da ƙyar ta sami wadda ɗalibai ke kwance inji da hannunsu, ta ƙwallafa rai a kanta. Sai dai mutum ɗaya suke ɗauka daga kowane gareji, da shaidar maigida. Baffa kuwa ɗansa yake so ya tafi, Gwani, wanda gwanintarsa a suna ta tsaya. Gwanin ne ya canza wa motar wani dattijo mai, ya bar notin ƙasa a sake, man ya tsiyaye a hanya, inji ya ƙone... aka ɗora wa Auta, wadda birki kawai ta gyara a motar.

"Baffa, don darajar ɗan'uwanka da ke kwance, wallahi ban taɓa notin nan ba!" Ko kallonta bai yi ba. Ya yayyaga takardar neman shigarta, ya ƙwace akwatin sifanun mahaifinta, ya kore ta. Kwana tara ta yi a ɗaki, idanu sun kumbura, ba abin da take iya cewa sai, "Ya Allah, Kai ne shaidata..."

Ashe dattijon nan ya ja motarsa zuwa kwalejin don a duba masa gaskiya. Ran na goma sai ga babban malaminsu a gareji, ya sa aka kira Auta.

"Ni da mahaifinki muka koyi aiki," in ji shi. "Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa farin fenti. Ke ma kin gaje shi, don birkin motar nan da kika gyara, kowane noti da ɗigonsa. Na mai kaɗai ne babu. To, wa ya taɓa shi?"

Gwani ya jiƙe sharkaf da gumi. "Baba ne ya ce in yi shiru..."

Innalillahi! Nan take malamin ya soke sunan Gwani daga cikin masu shiga kwalejin, ya rubuta na Auta, ya sa Baffa ya mayar mata da akwatin mahaifinta. Masu motoci suka dinga janye motocinsu, kafin wata ya ƙare gareji ya zama kango, Baffa na zaune shi kaɗai yana korar ƙuda.

Ranar da Auta ta shiga kwalejin, akwatin mahaifinta na hannunta. Ta ɗaure notinta na farko, ta ɗiga masa fari, hawaye suka ɓalle mata.

"Baba," ta ce a hankali, "ga shi na shiga."