Daga Ƙofar Gida Zuwa Layin Dogo

Badiyya na durƙushe tana ɗaure wa mijinta igiyar kambas, sai ga surukarta Inna Baiwa ta ɗaga labule.

"Ina kuma za a kai shi da sassafen nan?"

"Inna, tattakin da likita ta ce ne. Daga nan zuwa layin dogo mu dawo."

"Ai na ga tattakin jiya. Kin maƙale hannun namiji a tsakiyar Agege, mai shayi na kallo, 'yan okada na kallo. Mara lafiya kwanciya yake yi — cire masa takalman nan."

Mijin nata, Yusha'u, mahauci ne a abatuwa. Bara wuƙa ta fara suɓuce masa, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a wani asibiti a Ikeja, Dokta Halimatu Sa'adiya ta ce sunan ciwon multiple sclerosis, wato garkuwar jiki ce take cin rigar jijiyoyi. Ba ya warkewa, amma ana rage masa gudu da magani, da motsa jiki kullum, da zuwa a duba shi a kan lokaci.

Inna na jin labari ta taso daga Funtuwa. Yusha'u ɗanta ne na fari, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta riƙe hannunsa a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa. Son da kunya ta hana ta faɗa, sai ta juye shi a kan katifa: fura a kwance, tuwo a kwance, ko buta ba ta bari ya ɗauka.

"Baban Surayya, ka yi mata magana mana," in ji Badiyya ga mijinta da suka keɓe, idonta ya kawo ruwa.

"Ni zan ja da Inna? No wahala, dear, kwana biyu za ta sauko."

Kwana biyu ya zama wata huɗu. Ranar komawa asibiti ta zo, Inna ta ce cunkoson motar haya ta danfo zai ƙarasa shi, aka fasa. Ta biyu ma haka. Abin haushin, duk su ukun son Yusha'u suke yi, har da shi kansa, amma aka rasa mai buɗe baki. Badiyya kan shiga kicin ta yi kukanta ta wanke fuska, tana kallon cinyoyin mijinta suna zama kamar muciya.

Wata Talata da hantsi ya miƙe zai shiga banɗaki, ƙafafun suka ƙi. Ya zube a bakin ƙofa. Badiyya ta ja, ta ja, ta kasa ɗaga shi. Inna na tsaye, ta rasa ta inda za ta kama ɗan da ba ta saba taɓawa ba. Sai maƙwabta ne suka ciccibe shi zuwa mota.

Likita ta daɗe tana duba sabon hoton kafin ta ɗago.

"Four months, madam! Wata huɗu cur! Ga sababbin tabo biyu. Da kun zo a kan lokaci, da mun canja magani. Wa ya ce ya kwanta?"

Badiyya ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Dokta. Sakacina ne."

Sai ga muryar Inna da ta biyo su, a dishe: "Rufa mini asiri take yi, 'yar nan. Ni ce. Zai sake tafiya?"

"Mama, ƙarfin da kwanciya ta cinye zai iya dawowa a hankali. Wanda ciwon ya ɗauka, ba zan yi miki alkawari ba."

Har gida Inna hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi.

Bayan sati biyu, da likitan gashin ƙashi da aka haɗa su da shi ya ce a fara fita, Badiyya ta nemi kambas ta rasa. Ashe suna hannun Inna, ta goge su tsaf. Tsohuwar ta durƙusa ta ɗaure igiyar da kanta, ta ce, "Ke kama dama." Sannan ta saƙala hannunta a na hagu.

"Tashi, Yusha'u."

Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya fashe da kuka, ya tashi.

A ranar teburin mai shayi kawai suka kai. Wata ɗaya suka yi kafin su kai masallaci. Hannun bai sake riƙe wuƙa ba, kuma har yau ba su isa layin dogo ba, amma kullum da safe Agege na ganin su ukun, ba mai dariya.

Haƙurin Badiyya ya saya mata uwa, wannan gaskiya ne. Sai dai 'yan'uwa, biyayya daban, shiru a kan lafiya daban. Ranar asibiti ba a ɗaga ta don kunya, domin wata huɗun nan ba wanda zai dawo wa Yusha'u da su.