Zanen Goyon Ikrima

Wata yarinya ce 'yar aji huɗu. Iyayenta sun taso daga Gulma, sun koma Gwadangaji. Tana da ƙane, Ikrima, wanda bai daɗe da yaye ba. Kai, tana son yaron nan kamar me!

A Gulma, kullum bayan azahar Kaka Hodi kan goya shi da wani tsohon zane, ta kama dakan gero. Kafin ta gama, ya yi barci. Zanen ya koɗe, ga warin hayaƙin kifi. Da za su taho, Kaka ta ninke shi ta sa a jakar Inna.

Ran nan Sauda, sabuwar ƙawar yarinyar, ta ga zanen a kan igiya. Ta toshe hanci.

"Wannan tsumman fa, na waye?"

Kunya ta kama yarinyar. Sauda na fita, ta cusa zanen bayan buhun shinkafa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Shi ke nan fa, Ikrima ya ce bai san zancen barci ba. Inna ta nemi zanen ta rasa. Ta goya shi da sabuwar atamfa, ya banƙare yana ihu. Kwana uku ana abu ɗaya. Idanunsa suka yi ja, kunu ma ya ƙi sha.

Baba ya ce, "Yaron nan Gulma yake nema. Ran Asabar a mai da shi wurin Kaka, ya zauna can."

Yarinyar ta ji maganar Baba. To wa zai riƙa tarbarta a bakin ƙofa yana kiran "Yaya, Yaya"? Ta ruga ta jawo zanen tana kuka.

"Inna, ni na ɓoye shi. Sauda ta ce tsumma ne. Don Allah kada a tafi da shi!"

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta share mata hawaye.

"Haba ɗiyata. Gida sabo, ba Kaka, ba ƙarar turmi. Abu ɗaya da ya sani, shi kika ɗauke masa."

Suka aro turmi a maƙwabta. Bayan azahar Inna ta ɗaura mata Ikrima da tsohon zanen. Yarinyar ta ɗauki ƙaramar taɓarya ta fara daka a hankali. Ikrima ya shinshina zanen, ya yi ajiyar zuciya. Can sai ta ji kansa ya yi nauyi a bayanta.

Washegari ma haka suka yi, a daidai lokacin. Ran Asabar Baba ya leƙa fuskar Ikrima, ya yi murmushi.

"A bar shi nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

Da Sauda ta sake zuwa, yarinyar ta ce, "Ba tsumma ba ne. Zanen barcin ƙanena ne. Yi magana a hankali."

Daga ranar yarinyar ta gane cewa in wuri ya sauya wa ƙaramin yaro, a bar masa abin da ya saba da shi, a kuma yi haƙuri da shi har ya saba da sabon wurin.