Akuya Ba Ta Sa Wando

A wani zamani an yi wani mai zane wanda ba ya son wargi ko kaɗan. Wata rana gwaggonsa Tabawa ta ce masa, "Ɗan nan, zana mini waƙoƙin da nake yi wa jikokina a littafi, su riƙa dariya ko bayan raina."

Ta rera waƙar akuyar da ta sa wando ta tafi biki.

Ya ce, "Gwaggo, akuya ba ta sa wando." Ya zana akuya tana cin dusa.

Ta rera ta kwaɗon da ya hau jaki.

Ya ce, "Gwaggo, kwaɗo ba ya hawan jaki." Ya zana kwaɗo a bakin rijiya, jaki a turke.

Ta rera ta kazar da ta yi wa kyanwa kitso.

Ya ce, "Gwaggo..."

Ta ce, "Na sani. Zana abinka."

Da ya gama, ya tara jikokin, ya buɗe littafi ya ce, "Wannan akuya ce. Tana cin dusa." Kafin ya kai kan kwaɗo duk sun yi barci, da rana tsaka, har autan da ya hana gidan sakat da kuka.

Kashegari matan unguwa suka cika ƙofar gidansa, kowacce da goyo, suna neman littafin. Ya gyara hula ya ce, "Kin gani, Gwaggo? Gaskiya ta yi halinta."

Ta ce, "Ƙwarai, ɗan nan. Shekara da shekaru ina waƙa, ban taɓa kwantar da yaro tun daga shafin farko ba."