Mai Riƙe wa Mausoom Fitila

Rana ta yi ja, Mausoom ya matsa wa mijin yayarsa Areef sai sun fita da jirgin ruwa zuwa bayan tsibiri. Laimar teku yake son ɗauka hoto, halittar nan garai-garai kamar gilashi, mai jan igiyoyi masu harbi. Jibi za a baje hotuna a birnin Male, shi kuwa ya riga ya cika baki a shagon shayi cewa nasa za su sa sauran masu hoto su koma sayar da kwakwa.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe fitila ta ƙarƙashin laimar har ta haskaka, ɗaya ya ɗauka. Areef ne mai fitila. Sai dai makon jiya Mausoom ya shafa masa yaji a bakin tiyon numfashi, Areef ya rantse sai ya rama.

"Faɗa ruwan mana, gwanin duniya," in ji Areef, yana fama da ɗamarar tukunyar iskarsa. "Ina bayanka."

Jirgin na warin man inji da busasshen kifi. Mausoom ya faɗa ruwa.

Ruwan da ɗumi, sannan sanyi. Ba ka jin komai sai numfashinka da ƙas-ƙas ɗin ƙananan halittu a jikin dutse. Can ƙasa haske ya kunnu, daidai ƙarƙashin wata shuɗiyar laima. Yaushe Areef ya wuce shi? To, ramuwar ce ta fara, ya ce a ransa. Amma hasken ya yi kyau. Ya ɗauka.

Fitilar ta ƙara yin ƙasa, ta samo wadda ta fi. Ya bi. Ta sake. Ya bi, ido a kyamara, yana jiran a fizgi ƙafarsa ya yi dariya.

Kunnensa ya soma zafi. Ya ƙwanƙwasa tukunyarsa sau biyu, alamarsu ta a koma sama.

Mai fitilar bai juyo ba. Ya sauke kyamarar, ya dubi mai fitilar da kyau. Duk mai nutso, kumfa na tashi daga bakinsa. Wannan ko ɗaya babu.

Hannun da ke riƙe da hasken dogo ne. Sau uku ya lanƙwasa.

Allurar ma'aunin iska ta shiga ja, iskarsa ta kusa ƙarewa.

Ya buga ƙafa. Igiyoyin laima suka naɗe masa wuya kamar wuta. Hasken na biye da shi, ba ya ko sauri.

Areef ne ya jawo shi cikin jirgi, jikinsa a bushe, fitilar na gefensa a kashe. Daga tsibiri ana kiran magariba.

"Ɗamarar ce ta tsinke, ban shiga ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙanina, wa ya haska maka?"

An baje hotuna a Male babu na Mausoom. Bai taɓa ɗaukar masu kyansu ba, amma ya hana a wanke ko ɗaya. Yanzu da hantsi yake shiga ruwa, iya ƙirji. In abokai sun tsokane shi, yakan ce teku ce ba ta da sauran abin nuna masa. Amma sai ƙafarsa ta taka yashi yake faɗin haka.