Shirun da Aka Yanke

Su ne suka jawo, kuma sun san su ne. Masu zama a bene cikin sanyin na'ura, waɗanda ba su taɓa hawa tsauni ba sai matakalar ofis, amma su ke yanke abin da jama'a za su ji da abin da za a zubar. Har yau ba wanda ya tako ƙofar gidan nan ya ce sannu. To ga yadda aka yi.

Mai gidan ma'aikacin gidan rediyon gwamnati ne, shi ke shirin tarihi da al'adu, wanda ake sakawa bayan magariba, lokacin da masu talla ba sa so. Unguwa na kiransa Mai Tarihi. Ya tsufa yana yawo da rikoda a jaka, yau wajen masu haƙar rijiya, gobe wajen tsohuwar da ta san sunan kowace bishiya. Yana da auta, budurwa 'yar sakandare, wadda ake kira Tasha saboda surutu kamar tashar rediyo.

Ran da abin ya fara, magariba ce kamar kowace. An idar da salla, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, rediyo na bakin taga, shi ma yana gida ana jiran shirin, don ɗaukarsa ake yi tun da rana. Tasha na tsince shinkafa a faranti, bakinta na zuba.

"Ubanki aikinsa ne magana," in ji uwarta. "Ke wa ya ɗauke ki aiki?"

"Ni 'yar sa-kai ce, Mama. Kuma ni ba a ɗauke min wuta."

Sai shirin ya buɗe da sabon takensa. Ƙarar dutse ce, mai zaƙi kamar ta ƙarfe, bugu bayan bugu a jere, ba numfashi tsakaninsu. Tasha ta ɗago kai ta ce, "Baba, wannan ai kamar..." Nan ta tsaya. Bakin a buɗe, hannun a cikin shinkafa. Uwar ta jira, uban ya jira. Sauran maganar ba ta zo ba.

Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro, ya sauka gaban tabarma. Dutse ne baƙi, mai santsi kamar an daɗe ana riƙe shi. Mai Tarihi ya leƙa waje, titi ba kowa sai akuya. Ya dawo ya zauna. An yi shiru mai tsawo, har uwar ta fara tattara faranti, sannan na biyu ya faɗo.

Haka gidan ya zama. Da rana Tasha na ci, tana sha, tana share ɗaki, amma ko tari ba ya fita da sauti. Likita ya haska maƙogwaro ya ce lafiya lau. Da magariba ta yi sai duwatsu, ɗaya, sannan shiru, sannan ɗaya. Wani lokaci rediyon na kashe, amma a ji kamar ana numfashi a cikinsa. Maƙwabta suka daina aiko yara aron kaya. Uwar ta yi kuka har ya ƙare, ta koma tana kwashe duwatsun da safe a bokiti kamar yadda ake kwashe toka.

Shi kuwa bai yi kuka ba. Yana tashi, ya sa riga, ya je aiki, ya gaishe da mai gadi, ya karanta abin da aka ba shi, ya dawo. Abinci a bakinsa kamar takarda. In ya zauna sai ya ga hannuwansa a kan gwiwa kamar na wani ne aka ajiye masa. Abu ɗaya ne ke motsi a cikinsa: tazarar da ke tsakanin dutse da dutse. Kunnen ɗan rediyo ne da shi, ya san ya taɓa jin wannan tazarar, kuma ya san a ina.

Kafin wannan, ya je wani tsauni a bayan gari don shirin mutanen farko, waɗanda suka rayu tun ba a san ƙarfe ba. A can akwai kogo mai zanen shanu a bango, da wani faffaɗan dutse mai ramuka a jikinsa, wanda in aka buga sai ya yi ƙara. Wani tsohon makiyayi ne ya raka shi. Da zai buga, tsohon ya riƙe masa hannu ya ce, "In ka buga, ka jira. Ba a bugu biyu a jere." Ya tambayi dalili, tsohon ya ce shi ma haka ya tarar. Mai Tarihi ya bi. Ya buga, ya jira, ya buga, ya jira, rikoda na ɗauka.

A ofis aka ɓata. Darakta ya saurara, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Sautin ya yi, mu sa shi taken shirin. Amma wannan shirun fa? Shiru a rediyo mutuwa ce. Mai sauraro zai zaci mun ɗauke, ya murɗa gaba. Yanke." A fuskar kwamfuta, ƙara tana fitowa kamar tsaunuka, shiru kuma layi ne miƙaƙƙe. Mai Tarihi ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya manne tsaunukan. Aikin da ya yi duk rayuwarsa ke nan, ko tunani bai yi ba.

Matarsa ce ta nemo wani Malam. Dattijo ne siriri, ba ya son hayaniya, ya zo da butarsa da carbinsa bayan la'asar ya zauna a falo yana jiran rana ta faɗi. Ya sa aka zaunar da Tasha a kan darduma, uwar a bayanta. Da dutsen farko ya faɗo, ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai yi wa jariri. Ya daɗe yana yi. Fitila ta yi ja ta koma daidai. Sai kan yarinyar ya sunkuya, kafaɗunta suka ranƙwafa kamar na wadda ta shekara ɗari tana ɗaukar itace.

"Baiwar Allah," in ji Malam, "an yi sallama."

Shiru. Uwar ta buɗe baki, Mai Tarihi ya ɗaga mata hannu. Shi ya san sai an jira.

"Na amsa." Muryar tsohuwa ce, busasshiya, daga bakin Tasha.

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai."

"To me ya kawo ki?"

"Kirana aka yi. Tun masu zanen shanu ake bugawa ina amsawa. Su sun tafi, na baya sun tafi, makiyayi kaɗai ya rage. Wannan ya zo, ya buga da ladabi, na amsa masa kowane ɗaya. Sai na ji ana kirana daga kowane gida, daga shaguna, daga motoci, kira kan kira, ba a bar min inda zan sa baki ba. Ina amsata?"

Malam ya juyo ya dubi Mai Tarihi. Shi kuwa ya buɗe baki da ƙyar.

"Ba komai a wurin. Layi ne kawai."

"Layi," in ji muryar. Ba ta yi fushi ba, ta maimaita ne kamar mai ɗanɗana kalma. "Ita ma yanzu layi ce. Ka ji daɗinta?"

Uwar ta toshe bakinta da mayafi.

"Ya ci haƙƙinki," in ji Malam, "wannan na ji. Amma ke ma kin ci na wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Zalunci ba ya zama adalci don an riga an yi miki. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku, ki fita."

"A ba ni jini a kan dutsen."

"Ko na sauro ba za ki samu ba."

"To ya daina bugawa."

"Ba shi da iko," in ji Malam. "Ɗan aike ne. Nemi abin da ke hannunsa."

Aka yi shiru har Mai Tarihi ya ji ƙarar firji daga kicin.

"Ya mayar," in ji ta. "Inda aka ji kiran, a ji amsar. Duka, kada ya rage."

"Za a mayar. Amma yanzu za ki fita, ba ma jingina da 'yar mutane."

"Zan fita. Muryar dai ba ta hannuna. Tana inda ya zubar da tawa. Ya ɗauko ɗaya, ɗayar za ta biyo."

Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta kwanta a cinyar uwarta. Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Da safe ta tashi, ta gane kowa, ta yi murmushi. Uban ya ce, "Tasha." Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito.

Asalin sautin na nan a cikin rikoda. Ranar shiri Mai Tarihi ya ce wa Injiniya yau kai tsaye zai yi. Akwai wata na'ura a ɗakin watsa shiri, in shiru ya ɗan yi tsawo sai ta saka kiɗa da kanta don rufa wa tasha asiri. Ya roƙe shi ya kashe ta.

"Yaya, so kake a kore mu tare?"

"Ka ce ni na kashe."

Injiniya ya dube shi, ya dubi rigar da ta yi masa yawa a 'yan kwanakin nan, ya miƙa hannu ya zare waya.

Jar fitila ta kama. Mai Tarihi ya yi sallama ya ce, "Jama'a, taken da kuke ji rabi ne. Ga shi cikakke." Dutse ya yi ƙara. Sannan shiru ya fita ta eriya, ya shiga gari. Yana zaune, na'urar saurare a kunnuwansa, ba ya jin tsoro, ba ya jin komai. Wayar tebur ta fara walƙiya. Dutse ya sake ƙara. Ta bayan gilashi ya ga Darakta ya sauko daga bene yana sara iska da hannu, bakinsa na buɗewa yana rufewa, ba sauti, don ɗakin ba ya shigar da ƙara. Mai Tarihi ya kalle shi kamar yadda ake kallon kifi a kwalba. A cikin na'urar sauraren, can ƙasa da shirun, akwai wani abu siriri kamar numfashin mai barci. Ya bar shi har ƙarshe, bai rage ko kaɗan ba.

Da ya isa gida ya tarar da su a tabarma, rediyo a bakin taga. Matar ta dube shi ta girgiza kai, wato har yanzu. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Tasha."

Ba amsa. Uwar ta ce, "Maigida, sake kiran ta."

"A'a," ya ce. "Ba a bugu biyu a jere."

Suka jira. Kiran isha ya tashi ya sauka.

"Na'am, Baba." Muryar a dishe, amma tata ce. "Shirinka na yau ya fi na kullum. Ka yi shiru."

Uwar ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Shi kuwa sai a lokacin ya ji hannuwansa sun dawo nasa.

Washegari aka karɓe shirin, aka tura shi ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, inda yake har yanzu yana kaɗe ƙura. Tasha ta koma surutunta, sai dai in an tambaye ta abu takan ɗan dakata kafin ta amsa, kuma ba mai katse ta a gidan. Taken nan kuwa mutanen bene ba su cire shi ba. Sun mayar da yankakken, har da ƙarin ganga a kai. An dai ga motar masu gyaran rufi a ƙofar wani babban gida a unguwar manya inda mutanen bene ke kwana, ta zo ta koma, ta sake zuwa.

Mai cewa ƙarya ce, tsaunin na nan, dutsen na nan. Ya je bayan la'asar ya buga sau biyu a jere, ya juya baya ya tafi gida wurin 'ya'yansa, sannan ya zo ya ce layi ne kawai.