Sunan 'Yar Fari

Ana gab da kiran magariba Ajuma ta fita da ƙwaryar nono a ƙarƙashin mayafi. Ta ce wa mijinta Hashimu za ta karɓo kifi wurin maƙwabciyarsu Hawa. Bai ko ɗago ba, yana tsugune gaban tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, yana zagin wani ƙarfe da ya ƙi kwancewa.

Ba kifi ya fitar da ita ba, 'yarsu ce Nasiba, 'yar fari, da ke karatu a jami'a can Yamai. Jarrabawa ta ƙarato, kuma bara ta faɗi. In ta sake faɗuwa bana sallamarta za a yi. Yarinyar ta daina barci, ta daina cin abinci. Kullum da yamma sai ta bugo waya, murya na rawa, ta ce, "Inna, egzame ya zo, ina karantawa yana zubewa. Kaina ya zama kwando."

Ajuma tana jin wannan har cikin ranta. Amma da kunyar ɗan fari aka raine ta. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa rungume ta a gaban mutane ba. "Waccan" take ce mata, in ta matsu ta ce "ke". Don haka da ta ji kuka ya taso a wayar sai ta ce, "To, Allah shi kyauta, ga babanki." Hashimu kuwa lallashinsa iri ɗaya ne. Ya lissafo mata 'ya'yan su wane da suka ci, ya ce in ta faɗi kada ta kuskura ta shigo masa gida da hawaye. Shi a ganinsa ƙarfin gwiwa yake ba ta.

Abin da yarinyar ke nema bai taka kara ya karya ba. A saurare ta, a ce ta ci tuwo ta kwanta, a ce ko ta ci ko ta faɗi gida nata ne. Amma a gidan nan babu mai iya furta wannan. Ajuma ta gwammace ta tafi kogi da magariba da ta buɗe baki ta faɗa.

Hawa ce ta ba ta labarin. Wai a ƙasan gonakin shinkafa akwai wata mashaya a bakin kogi da mutane suka daina bi, inda wata tsohuwa ke wanke ƙore in rana ta faɗi. A kai mata nono, ta cire wa mutum tsoro daga zuciya. Hawa ba ta taɓa zuwa ba. Masu ba da irin wannan shawara ba su cika zuwa da ƙafarsu ba.

Ajuma ta bar gidajen garinsu Gaya a baya. Ƙarar manyan motoci da ke jiran tsallaka gada ta yi ta raguwa. Ƙaurin kifin banda ya ɓace, warin laka ya maye gurbinsa. Ta bi kunyar gona, sauro na waƙa a kunnenta, kwaɗi na ta kuka hagu da dama. Can baya ta ji ladan ya ɗaga murya, ƙasa-ƙasa, kamar daga wani gari.

Sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, lokaci guda.

Tsohuwar tana nan. Ta ba ta baya, tana tsaye cikin ruwa har ƙugu, tana cuɗa ƙwarya. Ruwan bai motsa ba. Hannun na shiga na fita, amma ko ɗigo ɗaya ba a ji.

"Fofo," in ji Ajuma, tana gaishe ta da Zabarmanci.

"Aje nonon," in ji tsohuwar, ba ta waiwayo ba. "Mi ya kawo ki?"

"Ɗiyata ce. Tsoro ya hana ta barci, ya hana ta karatu. A cire mata shi."

"Wace ɗiya?"

"Ta farin."

"Kogin nan ya san 'ya'yan fari da yawa. Sunanta."

Ajuma ta sunkuyar da kai. "Iya, kin san ba a hwaɗi."

"To ɗauki nononki ki koma."

Ajuma ta tsaya. Laka mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafarta. Ta tuna muryar nan mai rawa a waya. Ta duba hagu, ta duba dama, don ko a nan kunyar kada mutum ya ji ta take yi. Ta raɗa sunan.

"Ban ji ba," in ji tsohuwar. "Kira ta kamar tana tsallake."

Ajuma ta cika ƙirji, ta kira.

"Nasiba."

Ashe haka sunan yake da daɗi a baki. Hawaye ya zubo mata. Sai ta ji ana zare wani abu daga makogwaronta, siriri, dogo, kamar zare daga tsumma.

Tsohuwar ta ɗaga ƙwaryar kamar mai tarar ruwan sama, ta kai baki, ta shanye.

Sannan ta waiwayo.

Idanunta irin na kifi ne, farare, ba fatar rufewa. Ta buɗe baki.

"Nasiba."

Muryar Ajuma ce. Tata, sak. Tsohuwar ta sake gwadawa, ta tausasa, ta ja ƙarshen, har ta fito da shi cikin wani irin so da Ajuma ba ta taɓa bari ya fito ba.

Ta fara nutsewa. Ƙirji, wuya, idanu. Wata inuwa ta miƙe ƙarƙashin ruwa, ta nufi sama, inda kogin ke fitowa.

Wajen Yamai.

Ajuma ta yunƙura, ashe laka ta riƙe ta har gwiwa. Wani abu mai santsi ya naɗe mata idon sawu. Ta fizge, ta bar takalmi, ta bar mayafi, ta ruga cikin shinkafa tana faɗuwa tana tashi.

Ta kai gidajen farko ke nan wayar da ta ɗaure a bakin zane ta yi ƙara. Nasiba ce. Muryarta garau, har da dariya.

"Inna, kin zo Yamai ba ki hwaɗa mini ba?"

"Ina Gaya."

"Daina wasa, Inna. Ga ki nan bakin kogi kina kirana." Sai ta fashe da kukan murna. "Kin kira sunana. Wallahi tun ina ƙarama nike jira."

"Kada ki amsa."

"Ai na amsa."

Cikin wayar Ajuma ta ji takun ƙafa a ruwa. Ta ji muryar nan irin tata can nesa tana kira, a hankali, da lallashi. Ta wangale baki don ta kira 'yarta da sunanta, ta dawo da ita.

Babu sunan. Tana ganinsa a zuciya, harshe ya ƙi ɗaukarsa.

"Ke," ta ce. "Ke, waccan, tsaya."

Wayar ta yanke.

Masunta ne suka tsamo Nasiba a wannan dare, tana tsaye cikin ruwa tana murmushi. Daga ranar ta yi barci, ta ci abinci, ta rubuta jarrabawa ba fargaba, ta ci da kyau. Hashimu ya yanka rago, yana faɗa wa kowa tsawarsa ce ta yi aiki.

Da ta zo hutu, Ajuma ta watsar da kunya, ta rungume ta a tsakar gida gaban kowa. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam har aka sake ta, sannan ta ce cikin ladabi, "Sannu, baiwar Allah."

Da magariba ta yi, ta yafa mayafi ta nufi ƙofa. Ajuma ta riƙe mata hannu. "Ina za ki?"

"Wurin Innata."

"Ni ce Innarki."

Nasiba ta dube ta, ba fushi, ba tausayi. "To kira ni."

Ajuma ta buɗe baki. Ta rufe. Yarinyar ta zame hannunta a hankali, ta fita.

An ɗaure ƙofa, an kawo malamai, an yi rubutu da hayaƙi. Duk da haka kowace magariba sai an neme ta an rasa, bayan isha ta dawo da kanta, fuskarta a sake. Ajuma ce ke wanke mata kaya, don haka ita kaɗai ta lura. Da farko bakin zanen ne ke jiƙewa. Daga baya ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.

Jiya da ta dawo, har wuyan rigarta a jiƙe yake.